Gary Kildall (1942-1994): Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau, za mu tsallaka zuwa ƙasar Amurka domin mu kawo muku tarihin wani malamin lissafi mai suna Gary Kildall, wanda ya mutu tun shekarar 1994. Da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa a kasuwanninmu, amma duk wanda ya kunna kwamfuta a shagonsa ya ga harafin C da ɗigo biyu a gefensa, ko kuwa ya ji mai gyara yana cewa sai an shiga BIOS, to ya ci karo da gadon da wannan mutum ya bari. Mun zaɓo shi ne saboda labarinsa labarin ciniki ne. Shi ya fara kafa rumfa a kasuwar manhajar ƙananan kwamfutoci, kayansa kuma su ne kowa ke nema, amma cikin shekara biyu kasuwar ta suɓuce masa saboda jinkirin kawo kaya, da sharuɗɗan yarjejeniya, da kuma farashi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Gary Arlen Kildall ranar 19 ga watan Mayu na 1942 a birnin Seattle da ke jihar Washington, a gaɓar teku ta arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa matuƙin jirgin ruwa ne ɗan asalin Norway, gidansu kuma suna da makarantar koyar da tuƙin jiragen ruwa a birnin. Ya shiga Jami'ar Washington da niyyar zama malamin lissafi, inda ya samu digirin farko a 1967. A nan ne ya haɗu da kwamfuta, sai hankalinsa ya karkata gare ta, ya yi digiri na biyu a 1968, sannan ya kammala digirin digirgir a ilimin kwamfuta a 1972.

Lokacin ana yaƙin Biyetnam, ana ɗaukar samari aikin soja. Shi Kildall ya yi nasa aikin ne a matsayin malami a babbar makarantar sojojin ruwa da ke garin Monterey a jihar California, yana koya wa hafsoshi lissafi da kwamfuta. Binciken da ya yi na digirin digirgir kuwa ya shafi wani abu ne da masana ke kira kwamfaila, wanda mu za mu kira mafassari. Dabarar da ya fito da ita a 1973 ta yadda mafassari zai rage aikin banza a cikin manhaja har yau ana koyar da ita a jami'o'i da sunansa.

Tafinta da mafassari

Domin a gane aikin mutumin, dole mu ɗan tsaya a nan. Kwamfuta ba ta jin Turanci, ba ta jin Faransanci. Abin da take ganewa lambobi ne kawai, sifili da ɗaya. Mutum kuwa ba zai iya zama yana jera dubban lambobi ba tare da ya rikice ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro yarukan rubuta manhaja irin su FORTRAN da COBOL da BASIC da Pascal, waɗanda mutum zai iya karantawa, sannan aka samar da manhajar da za ta juya su zuwa lambobin da na'ura ke ganewa.

Hanya biyu ce ta yin wannan juyi, duk ɗan kasuwar iyaka kuma ya san su. Ta farko ita ce ta tafinta: kana magana yana juyawa, jimla bayan jimla, in ka koma gobe sai ka sake tafiya da shi. Tana da sauƙi ga mai koyo, domin da ka yi kuskure nan take za ka gani, amma tana da nawa. Ta biyu ita ce ta mafassari: ka rubuta takardarka gaba ɗaya, ka kai masa ya fassara ta sau ɗaya, daga nan ka riƙa amfani da fassarar ko sau dubu ne ba tare da ka koma wurinsa ba. Manhajar da aka yi ta wannan hanya ta fi sauri ƙwarai, kuma mai ita zai iya sayar da fassarar ya ɓoye asalin rubutunsa.

A 1971 kamfanin Intel ya fito da wata ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura mai lamba 4004, wadda ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Kildall ya sayi ɗaya ya shiga gwaje-gwaje da ita, har ta kai Intel ta ɗauke shi aikin ba da shawara a ranakun da ba ya koyarwa. A 1973 ya ƙirƙiro musu yaren PL/M tare da mafassarinsa, domin ƙwaƙwalwa mai lamba 8008, daga baya kuma 8080. Wannan shi ne karon farko da aka samu cikakken yare irin na manyan kwamfutoci domin waɗannan ƙananan ƙwaƙwalen.

Haihuwar CP/M

To sai dai akwai matsala. Mafassarin PL/M ba ya aiki a kan ƙaramar na'urar ita kanta, sai an je kan babbar kwamfuta mai tsada an yi fassarar, sannan a ɗauko a zuba. Kildall yana son ƙaramar na'ura ta tsaya da ƙafarta. Ya samu wani injin karanta faifai na kamfanin Shugart, abokinsa John Torode ya haɗa masa kayan lantarkin da za su jona shi da na'urar, shi kuma ya rubuta babbar manhajar da za ta kula da ajiye bayanai a faifai da ɗauko su. A 1974, a wani ƙaramin ɗaki da ke bayan gidansa a garin Pacific Grove, manhajar ta tashi ta yi aiki. Ya sa mata suna CP/M.

Ya kai wa Intel, suka ce PL/M suke so, ba su da bukatar wannan. Sai shi da matarsa Dorothy McEwen suka kafa nasu kamfani, wanda ya shahara da sunan Digital Research. Shi yana rubuta manhaja, ita tana riƙe da ciniki da takardu. Sun fara ne da talla a mujallun masu sha'awar kwamfuta, suna aika faifai ta gidan waya a kan kuɗin da bai kai dala 100 ba. Mu lura, a duk wannan labari dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa ba.

A wancan zamani kowane kamfani na ƙera kwamfutarsa yadda ya ga dama, manhajar wannan ba ta aiki a kan na'urar wancan. Da kamfanin IMSAI ya nemi a gyara masa CP/M, sai Kildall ya raba ta gida biyu: babban ɓangare wanda ba ya sauyawa, da ƙaramin ɓangare wanda ake ɗinka wa kowace na'ura daidai jikinta. Ƙaramin ɓangaren shi ya kira BIOS. Misalinsa kamar motar kaya ce da ta taso daga Kano za ta Maradi: kayan da ke ciki ba sa sauyawa, takardun duwan ne kawai ake sakewa a bakin iyaka. Da wannan dabara CP/M ta hau kan na'urorin kamfanoni barkatai, har ya zamana kuɗin shigar Digital Research a 1981 ya haura dala miliyon 5.

Zaɓin da ke gaban mai saye

Mutumin da ya sayi ƙaramar kwamfuta a ƙarshen shekarun 1970 yakan tarar da kansa gaban zaɓi mai wuya. Ƙwaƙwalwar ajiyar na'urar ba ta wuce haruffa dubu 65 da ƴan kai ba, manhajojin da aka gama kuma ba su da yawa, don haka sau da yawa shi zai rubuta tasa, ko ya ɗauki wanda zai rubuta masa. Wane yare zai saya ke nan?

In mai koyo ne, yakan ɗauki BASIC na kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka fara sayarwa a 1975, mai aiki irin na tafinta. In injiniya ne, akwai mafassarin FORTRAN da Microsoft ta fitar a 1977. In ya saba da lissafin manyan kamfanoni, akwai na COBOL a 1978. Wani ɗalibi mai suna Leor Zolman ya fito da mafassarin yaren C a 1979 mai suna BDS C. Masu shaguna da akantoci kuwa sun fi raja'a ga CBASIC, wanda Gordon Eubanks, hafsan sojan ruwa kuma ɗalibin Kildall, ya rubuta. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Yawancin yarukan suna lissafin ɓarin lamba ta hanyar da ke sa ƴan canji su riƙa ɓacewa, yau kobo ɗaya gobe kobo biyu, har littafin ciniki ya ƙi daidaituwa a ƙarshen wata. CBASIC kuwa yana lissafi da lambobi goma-goma kamar yadda akawu ke yi da biro, har zuwa lamba 14, don haka babu canjin da ke zurarewa. A 1981 Digital Research ta sayi kamfanin Eubanks ɗin dungurungum.

Shi Kildall zuciyarsa na kan wani yare mai suna PL/I, wanda kamfanin IBM ya ƙirƙiro domin manyan kwamfutoci. Ya ɗauki dogon lokaci yana matse wannan ƙaton yare domin ya shiga ƙaramar na'ura, ya kuma yi nasarar fito da mafassarinsa a 1980. Masana sun yaba wa aikin. Amma a daidai wannan lokaci kasuwa wani abu daban take jira. Tun 1978 Intel ta fito da sabuwar ƙwaƙwalwa mai lamba 8086 wadda ta fi ta da ƙarfi, masu ƙera na'urori kuma suna ta jiran CP/M da za ta hau kanta, shiru. Wani matashin injiniya mai suna Tim Paterson, na kamfanin Seattle Computer Products, ya gaji da jira, sai a watan Afrilu na 1980 ya fara rubuta tasa babbar manhajar, yana bin tsarin umarnin da ke cikin littafin CP/M domin manhajojin da ke kasuwa su yi saurin komawa kanta. Ita ce aka sani da QDOS, daga baya 86-DOS.

Ranar da IBM ta zo

A 1980 IBM, wanda shi ne kamfanin kwamfuta mafi girma a duniya a lokacin, ya yanke shawarar shiga kasuwar ƙananan kwamfutoci cikin gaggawa. Wakilansa ƙarƙashin Jack Sams sun fara zuwa wurin Microsoft ne neman yaruka, wato BASIC da FORTRAN da COBOL da Pascal. Da suka tambayi babbar manhaja, Bill Gates da kansa ya tura su wurin Kildall, domin a lokacin sana'ar a rabe take: Microsoft na da yaruka, Digital Research na da babbar manhaja.

A watan Agusta na 1980 wakilan suka isa Pacific Grove. Da safiyar ranar Kildall, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya tashi a ƙaramin jirginsa tare da abokin aikinsa Tom Rolander domin kai wa wani abokin ciniki kaya a Oakland. Dorothy ce ta tarbi baƙin, kamar yadda ta saba kula da yarjejeniyoyi. Suka miƙa mata takardar riƙe sirri wadda ta ɗaure bakin Digital Research amma ta bar IBM a sake, ita kuma bisa shawarar lauyansu ta ƙi sa hannu nan take. Daga nan ruwayoyi suka rabu. Kildall da Rolander sun ce sun dawo da rana an zauna da su, shi kuwa Sams ya ce bai tuna sun yi zama da Kildall ba. An kuma ruwaito cewa IBM na son ta biya kuɗi dunƙule sau ɗaya ta sauya wa manhajar suna, alhali Digital Research na son la'ada a kan kowace na'ura da aka sayar. Abin da kowa ya yarda da shi dai, ciniki bai faɗa ba, kuma CP/M ta sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta kammala ba.

IBM ta koma wurin Gates. Shi kuwa ya san in babu babbar manhaja, cinikin yarukansa ma ya rushe. Sai Microsoft ta nemi izinin amfani da 86-DOS a kan dala 25,000, sannan a watan Yuli na 1981 ta saye ta baki ɗaya a kan ƙarin dala 50,000. A yarjejeniyarta da IBM kuma ta riƙe wa kanta ƴancin sayar da manhajar ga duk wani kamfani da ya nema, da sunan MS-DOS. Wannan sharaɗi guda shi ne tushen arzikin Microsoft.

Dala 40 da dala 240

Da Kildall ya ga yadda sabuwar manhajar ta yi kama da tasa, ransa ya ɓaci, ya yi barazanar zuwa kotu. A lokacin dokar kare haƙƙin manhaja ba ta gama zama ba. IBM ta kawo sulhu: za ta sa CP/M-86 cikin jerin kayan da take sayarwa tare da kwamfutarta, mai saye ya zaɓi wadda yake so, shi kuma Kildall ya janye maganar ƙara. Ya amince, yana ganin duk wanda aka ba zaɓi zai ɗauki sunan da ya sani. Sai dai yarjejeniyar ba ta ba shi ikon yanke farashi ba.

Ranar 12 ga Agusta na 1981 kwamfutar IBM PC ta shiga kasuwa, da BASIC na Microsoft a cikinta, da PC DOS a kan dala 40. CP/M-86 ba ta iso ba sai a 1982, da ta iso kuma aka sa mata dala 240, wato ninki shida. Bugu da ƙari, mafassaran Microsoft da IBM ke sayarwa na Pascal da FORTRAN da COBOL duk a kan DOS suke aiki. Mai rubuta manhaja yana bin inda kayan aikinsa suke, mai saye kuma yana bin inda manhajoji suke. A 1983 Digital Research ta karya farashi zuwa dala 60, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A wannan shekara manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta fito a kan DOS, kamfanoni irin su Compaq kuma suka fara ƙera na'urori masu kama da ta IBM, kowannensu yana biyan Microsoft.

Irin wannan darasi ya maimaita kansa a kasuwar mafassarai. A watan Nuwamba na 1983 kamfanin Borland ya fito da Turbo Pascal, aikin wani matashi ɗan Denmark mai suna Anders Hejlsberg, a kan dala 49.95, lokacin da ake sayar da makamantansa ɗaruruwan daloli. Ga sauri ga araha, nan da nan ɗalibai da ƙananan masu sana'a suka koma kansa.

Sauran rayuwarsa

CP/M ba ta mutu nan take ba. Kwamfutocin Osborne da Kaypro sun yi kasuwa da ita, a 1985 kuma Commodore 128 ta Amurka da Amstrad ta Ingila sun shiga gidajen mutane ɗauke da ita. Kildall ma bai daina ƙirƙira ba. Ya yi aiki a kan yaren Logo domin koya wa yara, kamfaninsa ya fitar da GEM a 1985, mai amfani da hotuna a fuskar kwamfuta, wani kamfanin da ya kafa kuma ya zuba kundin ilimi na Grolier a faifan CD a wannan shekara. Daga 1983 zuwa 1990 yana cikin masu gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles tare da Stewart Cheifet. A 1988 Digital Research ta fito da DR DOS domin gogayya da MS-DOS.

A 1991 kamfanin Novell ya sayi Digital Research, Kildall ya samu dukiya mai yawa, ya koma kusa da birnin Austin na jihar Texas, inda ya riƙa taimaka wa yara masu fama da cutar sida. Amma labarin cewa ya tafi yawo a jirgi ya bar cinikin IBM ya bi shi duk inda ya shiga, abin kuma ya ci masa rai. A 1992, da Jami'ar Washington ta yi bikin cika shekara 25 na sashen kwamfuta, Bill Gates aka ba babban jawabi, shi kuwa tsohon ɗalibin sashen aka gayyace shi cikin ƴan kallo. Ya rubuta tarihin rayuwarsa domin ya faɗi nasa ɓangaren, amma bai kai ga buga shi ba. Ranar 8 ga Yuli na 1994 ya samu rauni a kai a wata mashaya da ke Monterey, ya mutu ranar 11 ga watan yana da shekara 52. An binne shi a Seattle.

Bayan mutuwarsa kamfanin Caldera, wanda ya sayi DR DOS a 1996, ya maka Microsoft a kotu bisa zargin danne abokan gogayya, aka sasanta a watan Janairu na 2000, daga baya kuma ya bayyana cewa dala miliyon 280 aka biya. Game da zargin satar rubutu kuwa, Tim Paterson ya musanta shi, kuma binciken da wani masani mai suna Bob Zeidman ya yi a 2012 bai gano an kwafi rubutun CP/M ba. A 2014 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa allon tunawa a tsohon ofishin Digital Research da ke Pacific Grove, a 2016 kuma ƴaƴansa suka saki wani ɓangare na littafin da ya bari.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Mu a ganinmu, tashin jirgin da ake ta yi wa Kildall gori da shi ƙaramin abu ne a cikin labarin. Abin da ya kayar da shi ya faru kafin ranar da bayanta. Ya ba da lokacinsa ga kayan da ransa ke so, alhali abokan cinikinsa sun shafe sama da shekara suna jiran wani kayan daban, har ɗayansu ya je ya haɗa nasa. Sannan ya amince babban dillali ya kasa kayansa kusa da na abokin gogayya ba tare da an rubuta farashi a takarda ba. Shi kuwa Gates, wanda bai ƙirƙiri DOS ba, ya kula da layi ɗaya a yarjejeniya, wato ƴancin sayar wa wasu.

Duk wanda ke ba da kaya a hannun dillali a Jibiya ko Ƙonni ko Maigatari ya san wannan hali. In kayanka sun makara, mai saye ba zai koma gida hannu sake ba. In kuma ka bar wani ya yanke maka farashi, ingancin kayanka ba zai cece ka ba. Saboda haka kafin a sa hannu a kan kowace takarda, a tambaya: wa ke yanke farashi, yaushe za a kawo kaya, kuma wa ke da ikon sayar wa wani gobe?

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani mashahurin, in Allah ya kai mu.